Ƙafar mota ba ado ba ce: Abin da ɗan kasuwar Damargu zai duba kafin ya sayi rim da taya

Duk wanda ke cin kasuwannin ƙasar Damargu ya san cewa rabin cinikinsa a kan hanya yake. Daga Damagaram zuwa Tanut tafiyar kimanin kilomita 140 ce a kan kwaltar da ta nufi Agadas, wadda aka sake ginawa da tallafin Tarayyar Turai. To amma da zarar an sauka daga kwalta an nufi ƙauyukan Gangara ko Falanko ko Tanhiya, ko kuma yankin Tarka na gundumar Belbeji, wadda aka cire daga Tanut a 2011, sai rairayi da burji da ƙayar daji. A irin wannan hanya ce buhunan gero da wake da tumaki da kayan koli, wato jarin mutane, ke tafiya bisa ƙafafu huɗu.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ja hankalin 'yan uwa 'yan kasuwa da iyayenmu mata masu zuwa cin kasuwa kan wani yayi da ake kwaikwayowa daga birane, wato canza wa mota rim, a sa mata manya masu ƙyalli na alminiyam da siraran tayoyi, wani ma har ya sa a rage mata tsayi ta kwanta ƙasa kamar motar tsere. A titunan Turai da Japan, inda yayin ya yi ƙarfi, abin kwalliya ne. A Damargu kuwa yana iya zama sanadin kwana a daji da kaya. Ko Alhaji zai sayi mota ne, ko Hajiya za ta ɗauki shata, ya kamata a san cewa ƙafar mota da awo ake zaɓenta.

Awo na farko shi ne na ƙusoshin da ake ɗaura rim a kansu. Ba yawansu kaɗai ake dubawa ba, har da faɗin da'irar da suke zaune a kai. Hilux mai jan ƙafa huɗu da tsofaffin Land Cruiser suna da ƙusa 6 a da'irar milimita 139.7, yayin da Land Cruiser a-kori-kura da aka ƙera daga 1999 ta koma ƙusa 5 a da'irar milimita 150. Waɗannan ba sa ruɗar kowa, domin rim ɗin ba zai ma shiga ba. Inda haɗarin yake shi ne wajen waɗanda suka yi kusa da juna. Alal misali, Toyota Camry na da ƙusa 5 a kan milimita 114.3, yawancin ƙananan Marsandi kuma 5 a kan 112. Bambancin bai kai milimita 3 ba, don haka ana iya tura rim ɗin da ƙarfi a ɗaure. Sai dai kowane noti zai zauna a karkace, ƙusoshin su riƙa tanƙwaruwa a hankali, ranar da mota ta faɗa rami da lodi su karye.

Awo na biyu shi ne ramin tsakiyar rim, wanda ke zama daidai a kan cibiyar ƙafa. A Hilux da danginta masu ƙusa 6 faɗinsa milimita 106 ne da 'yan kai, alhali wasu motocin Mitsubishi masu irin wannan tsarin ƙusoshi nasu milimita 67 ne kawai. Idan ramin ya yi ƙanƙanta rim ba zai zauna ba, kuma kada a yarda wani ya ce zai faɗaɗa shi da wutar walda. Idan kuma ya yi girma, ƙafa na iya zama ba a tsakiya ba, sitiyari ya riƙa rawa idan an ɗauki gudu. Haka nan shi kansa noti iri-iri ne, akwai mai tsinin baki, akwai mai zagayayye, akwai mai shafaffen baki da wasa, kuma kowane rim da irin nasa.

Awo na uku shi ne wanda mutane da yawa ba su sani ba, wato zurfin zaman rim. Idan aka juya bayan rim, galibi za a ga haruffan ET da lamba a gabansu, kamar ET30. Wannan lamba na nuna tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke mannuwa da mota, a lissafin milimita. Idan lambar ta yi yawa, ƙafa takan shige ciki har ta riƙa gugar birki ko sifirin. Idan ta yi ƙasa, ƙafa takan fito waje. Wato motar da kamfani ya yi wa ET30, idan aka sa mata ET0 mai faɗi ɗaya, kowace ƙafa ta fito da milimita 30. Samari na son haka domin mota takan yi kwarjini. To amma kowa ya san ɗaukar bokitin ruwa a jikin ƙirji da ɗaukarsa da miƙaƙƙen hannu ba ɗaya ba ne. Haka nauyin mota ke komawa gefe guda na boris, ya ci shi da wuri, sitiyari ya yi nauyi, taya kuma ta riƙa cin jikin mota duk lokacin da lodi ya danne ta. Shawararmu ita ce a tsaya a kan lambar kamfani, ko abin da bai yi nisa da ita ba.

Sai batun girman rim da taya. Duk lokacin da aka ƙara girman rim, dole gefen taya ya ragu. Taya mai lamba 195/65R15 tsayin gefenta kimanin milimita 127 ne, mai lamba 225/45R17 kuwa kimanin 101, alhali ta 7.50R16 da aka saba gani a ƙafar Land Cruiser ta doshi 200. Wannan gefe shi ne matashin da ke shanye dukan rami kafin ya kai ga ƙarfe. Bugu da ƙari, direbobin da suka saba da Sahara sun san cewa idan rairayi ya yi zurfi sai a rage iska, taya ta baje, mota ta wuce, sannan a mayar da iskar idan an hau ƙasa mai tauri. Siririyar taya ba ta da wannan dama, ana rage mata iska rim ya sauka a ƙasa. Akwai kuma bambanci tsakanin ƙarfe da alminiyam. Rim na ƙarfe idan ya bugi dutse lanƙwasa yake yi, mai faci na ƙauye ya buge shi da guduma a ƙarasa gida. Na alminiyam kuwa sau da yawa tsagewa yake yi, kuma wanda aka yi wa walda ba abin amincewa ba ne a ƙarƙashin lodi.

Ita ma taya tana ɗauke da bayanin ƙarfinta a jikinta. Wadda ake sa wa Hiyas mai lamba 195R15C, harafin C na nufin ta motar kaya ce, kuma lamba 106 da ke biye na nufin tana ɗaukar kilo 950. Tayar ƙaramar mota mai lamba 91 kuwa iyakarta kilo 615. Dukansu na iya hawa rim mai inci 15, amma mai sa ta biyun a motar kasuwa don ta fi araha, ya tuna cewa araha ba ta ado. Sannan tun daga shekarar 2000 ana buga ranar ƙera taya da lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Idan aka ga 2319, ma'ana mako na 23 na 2019. Manyan kamfanonin taya na ba da shawarar a sauke duk wadda ta kai shekara 10 ko da zanenta bai cinye ba, wasu kamfanonin mota ma shekara 6 suke cewa. A ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40, tsohuwar taya 'yar gwanjo mai tsattsagewa a gefe ba ta da alƙawari.

Game da rage tsayin mota, masu yi a ƙasashen waje sifirin na musamman suke saya wanda aka auna da nauyin motar. A wajenmu kuwa galibi yanke sifirin ake yi a gareji. Sakamakon shi ne tazarar da ƙafa ke hawa da sauka ta ragu, kowane rami ya daki jikin mota kai tsaye. A hanyar rairayi, inda tayoyin manyan motoci suka haƙa layi biyu suka bar tudu a tsakiya, irin wannan mota kan ɗare bisa cikinta, ko ta fasa tukunyar baƙin mai da ke ƙasan inji.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, yawancin motocin kasuwa da muke gani sun kwanta ƙasa ba kwalliya ta kwantar da su ba, lodi ne. Hilux a-kori-kura an yi ta ne don ɗaukar abin da bai wuce tan guda ba, wato buhu 10 na gero mai kilo 100, kuma direba da fasinja na cikin wannan lissafi. Dabarar da aka saba ita ce a ƙara fallen sifirin a baya don mota ta ɗago. Tana ɗagowa kam, amma birki da boris da taya suna nan yadda kamfani ya yi su. A nan mu 'yan kasuwa muna da namu laifin, domin mu ne ke matsa wa direba da ɗan kamasho a ƙara buhu ɗaya, a ƙara tunkiya ɗaya. Ribar buhu ɗaya ba ta biyan asarar ranar kasuwa, balle rai.

Yin kuskure a wannan fanni yana da tsada. Bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 an rufe iyakar Nijar da Benin, hanyar Kwatano da aka saba shigo da motoci da kayan gyara ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Shi kuma wanda ya tsallaka ya sayo rim a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, idan ya iso Tanut ya tarar bai dace ba, mayarwa ma wata tafiya ce. Saboda haka mai zuwa saye ya ɗauki hoton lambobin tsohon rim da wayarsa, ko ya tafi da safaya a gwada, kuma ya tafi da bakaniken da ya yarda da shi. Bayan an ɗaura, a sake matse noti idan an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Masu tsofaffin Land Cruiser da rim mai zobe su kuma yi hattara wajen ba da iska, kada kowa ya tsaya a gabansa, domin zoben kan iya fizgewa da ƙarfin da ke kisa.

Ita kuwa Hajiya da ba ta da mota, shiga kawai take yi, tana da abin dubawa kafin a ɗora mata kaya. Ta zagaya motar sau ɗaya, ta ga ko kowace ƙusa na da notinta, ko gefen taya ya yi ƙulu ko ya tsage, ko taya na taɓa jikin mota, ko akwai safaya mai iska da jak. Wannan ba raina direba ba ne, kuma direban kirki ba zai ji haushi ba. Idan abin bai kwanta mata ba, gara ta jira mota ta gaba, domin rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka, amin.