Jarrabawar Sani Kafin Ƙuri'ar Raba-Gardama: Nazari Daga Boɗinga da Shagari Bayan Ficewar Nijar Daga ECOWAS

Tsakure

Maƙalar ta dubi ra'ayin da ke cewa kada a bar mutum ya jefa ƙuri'ar raba-gardama a kan babban al'amari, kamar ficewa daga ƙungiyar ciniki ta ƙasashe, sai ya ci jarrabawar da za ta nuna ya san abin da ake tambayar sa. An auna ra'ayin da tarihin wuraren da aka taɓa gwada shi, sannan aka ɗora shi a kan ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari na jihar Sakkwato. Nazarin ya nuna cewa irin wannan jarrabawa takan auna harshe da nau'in karatun mutum fiye da yadda take auna saninsa.

1.0 Gabatarwa

A ranar 23 ga Yuni, 2016, kimanin kashi 52 cikin 100 na waɗanda suka jefa ƙuri'a a Birtaniya suka zaɓi ƙasarsu ta fice daga Tarayyar Turai. Ƙura ba ta lafa ba sai da wata tsohuwar muhawara ta farfaɗo: shin daidai ne a miƙa al'amari mai sarƙaƙiya irin na harajin kwastan da yarjejeniyar ciniki ga mutanen da yawancinsu ba su taɓa karanta yarjejeniyar ba? A shekarar ne masanin falsafar siyasa na Amurka, Jason Brennan, ya fitar da littafin da ya kare tsarin da zai fifita masu sani wajen yanke hukunci. Tun 1861 John Stuart Mill ya riga shi, domin ya ba da shawarar kada a ba da ƙuri'a ga wanda bai iya karatu da rubutu da lissafi ba, masu zurfin ilimi kuma a ba su fiye da ƙuri'a ɗaya.

Hujjar masu wannan ra'ayi ba abar rainawa ba ce. Zaɓen shugaba yana dawowa bayan shekara huɗu, ana iya gyara kuskure. Ficewa daga ƙungiya kuwa ƙofa ce mai wuyar komawa, kuma wanda ya jefa ƙuri'a cikin duhu ba kansa kaɗai ya jefa cikin rami ba.

2.0 Ficewar da Ba a Tambayi Kowa Ba

An kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975. Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai, ƙungiyar ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarkin da take ba ta. A ranar 28 ga Janairu, 2024, gwamnatocin soja na Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu. Da yake sashe na 91 na yarjejeniyar da aka sabunta a 1993 ya tanadi wa'adin shekara ɗaya, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025.

Abin lura shi ne ba a yi ƙuri'ar raba-gardama a ko ɗaya daga cikin ƙasashen uku ba. Haka kuma ba a tuntuɓi mutanen Illela ko na Birnin Ƙonni kafin a rufe ƙofar da ke tsakaninsu ba, a 2023 ko a rufewar da Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Ke nan a wannan yanki muhawarar jarrabawa ta riga ƙuri'ar kanta zuwa.

Ba wai yankin bai san ƙuri'ar raba-gardama ba. A ranar 28 ga Satumba, 1958, an tambayi mutanen Nijar ko za su zauna cikin ƙungiyar da Janar de Gaulle ya tsara a ƙarƙashin Faransa. Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba suka yi kiran a ce a'a, amma kimanin kashi 78 cikin 100 na ƙuri'un da aka ƙirga suka ce i, a zaɓen da masana tarihi da dama suke ganin hukumar mulkin mallaka ta sa hannu a ciki. A Fabrairun 1961 kuma mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi shiga Nijeriya da kimanin kashi 60 cikin 100, yankin ya zama Lardin Sardauna. Babu wanda aka yi wa jarrabawa a wurare biyun. Inda aka samu ƙorafi, a kan masu gudanar da zaɓen aka yi shi.

Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ambaci ƙuri'ar raba-gardama wajen ƙirƙiro sabuwar jiha ko ƙaramar hukuma a sashe na 8, da wajen kiranyen ɗan majalisa a sassa na 69 da 110. Bai tanade ta ga shiga ko fita daga ƙungiyar ƙasashe ba. Sharaɗin ilimi kuma a kan ɗan takara ya ɗora shi. Mai zaɓe, bisa sashe na 77, ya ishe shi ya kasance ɗan ƙasa mai shekara 18 da ke zaune a Nijeriya lokacin rajista.

3.0 Inda Aka Taɓa Gwadawa

Jihohin kudancin Amurka su ne babban misali. Tsarin mulkin jihar Mississippi na 1890 ya wajabta wa mai neman rajista ya karanta wani sashe na kundin, ko ya yi bayaninsa idan an karanta masa. Jami'in rajista shi ne mai zaɓen sashen, shi ne kuma mai hukunta amsar. A jihar Louisiana, baƙaƙen fata masu rajista sun haura 130,000 a 1896. Bayan an shigo da sharuɗɗan karatu da dukiya a 1898, sai ga su 1,342 a 1904. Fararen fata marasa karatu kuwa an buɗe musu ƙofar baya, aka ce duk wanda mahaifinsa ko kakansa ya cancanci zaɓe kafin 1867 an ɗauke masa sharaɗin. Sai a 1965 dokar 'yancin zaɓe ta dakatar da waɗannan jarrabawowi, a 1975 aka haramta su dindindin.

Nijeriya ma ta ɗanɗani tankaɗen masu zaɓe. A tsarin mulkin Clifford na 1922, kujeru huɗu kaɗai ake zaɓa, uku a Legas ɗaya a Kalaba, kuma sai namiji mai samun fam 100 a shekara yake jefa ƙuri'a. Matan Arewa ba su yi zaɓe a 1959 ba. Sai a 1976 aka ba su wannan dama. Daga cikin dalilan da akan bayar a duk irin wannan yanayi akwai cewa waɗanda aka hana ba su waye ba tukuna.

4.0 Idan Aka Kawo Jarrabawar Boɗinga da Shagari

Boɗinga da Shagari suna kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal zuwa Jega. Ba a bakin iyaka suke ba, amma tattalin arzikinsu na noma da kiwo da fatauci ne, kuma farashin dabba da hatsi da albasa a kasuwannin jihar yana motsawa idan ƙofar Illela ta buɗe ko ta rufe.

Tambaya ta farko ita ce: da wane rubutu za a yi jarrabawar? A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Abdullahi shi ne mawallafin Diya'ul Hukkam, littafin da ya yi bayanin hukunce-hukuncen shugabanci. Al'adar karatun da suka bari ba ta yanke ba. Akwai malamin zaure da ya sauke littattafan fiƙihu, yana raba gado da lissafin da zai ba ɗan jami'a wahala, yana rubuta wasiƙa da ajami, amma idan aka miƙa masa takarda da Ingilishi ko da boko sai a rubuta shi cikin jahilai. Kalmar ma tana da tarihi: shirin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya taimaka wajen koyar da boko, amma ya bar wa harshe wani tabo, inda rashin boko ya zama daidai da rashin ilimi. Jarrabawar da aka rubuta da Ingilishi za ta auna makarantar da mutum ya shiga ne kawai. Kasancewar 'ya'ya mata ne suka fi ƙarancin shiga makarantar boko a karkarar jihar, su za a fara zubarwa, a mayar da su inda suke kafin 1976.

A ɗauka an warware wannan, an yi jarrabawar da baki cikin Hausa da Fulfulde. Sai tambaya ta biyu ta taso: me za a tambaya? Mai tsara jarrabawa zai so a san shekarar da aka kafa ƙungiya, da yawan ƙasashenta, da inda hedikwatarta take, saboda su ne masu amsa ɗaya mai sauƙin makawa. Ɗalibin sakandare zai haddace su a dare ɗaya. Dillalin dabbobi da ke sayen raguna daga Nijar yana iya faɗuwa a dukkansu, alhali shi ya san shingaye nawa ne a hanya, da abin da ake biya a kowanne, da yadda canjin sefa da naira yake cinye riba, da abin da ya sami kasuwa a watannin da iyaka take rufe. Wannan sani shi ne ya fi kusa da tambayar da ke kan takardar ƙuri'a, kuma ba ya shiga jarrabawar zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu.

Idan kuwa aka ce a tambayi sakamakon ficewa, wato ko farashi zai tashi, ko tsaro zai inganta, to an shiga gonar da masana tattalin arziki kansu suke jayayya a cikinta. Duk amsar da aka ɗauka ita ce daidai ta zama matsayin ɓangare ɗaya, jarrabawar kuma ta koma hanyar zaɓen masu zaɓe. Ga shi tambayar ficewa ba ta lissafi kaɗai ba ce. Ɗan Nijar da ya goyi bayan ficewa yana iya sanin cewa zai yi asara, ya kuma zaɓi asarar saboda abin da yake gani na mutuncin ƙasarsa bayan takunkumi. Ana iya saɓa masa, amma ba a ce bai sani ba.

Shagari ta ba da wani misali na daban. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin a 1925, malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa, kuma ya rubuta Waƙar Nijeriya domin sanar da masu jin Hausa labarin ƙasarsu da garuruwanta. Wato ya kai sani wurin jama'a cikin sigar da suka saba ɗaukar ilimi. Zaɓen 1979 da ya kai shi shugabancin ƙasa da alamomi aka yi shi, gida da masara ga NPN, mabuɗi ga PRP, domin kada rashin boko ya hana kowa. Sai dai gwamnatinsa ce a Janairun 1983 ta kori baƙi marasa takardu fiye da miliyan ɗaya, galibinsu 'yan ƙasashen ECOWAS, shekara huɗu kacal bayan yarjejeniyar zirga-zirga. Masu ilimin boko ne suka zauna suka yanke wannan hukunci, kuma har yau ana jayayya a kan hikimarsa.

5.0 Nauyin da Ke Kan Mai Tambaya

Damuwar masu neman jarrabawa tana nan, amma akwai ƙasashen da suka ɗora nauyin a kan hukuma maimakon mai zaɓe. A Birtaniya, hukumar zaɓe ta gwada kalmomin tambayar a kan jama'a, ta ga sigar i ko a'a tana iya karkata, sai ta ba da shawara a 2015 aka mayar da ita zama ko fita. A Suwizalan ana aika wa kowane mai zaɓe ɗan littafi mai ɗauke da hujjojin ɓangarorin biyu. A Ailan an zaɓo talakawa 99 ta hanyar ƙuri'ar sa'a a 2016, suka yi watanni suna sauraron masana kafin a kai wasu batutuwa gaban jama'a.

A nan ne masana Hausa suke da aiki. Kalmar ficewa da kalmar ɓallewa ba nauyinsu ɗaya ba a kunnen Bahaushe, kuma wadda aka sa a takardar ƙuri'a tana iya juya sakamako. Har yanzu ba a daidaita yadda za a bambanta yankin ciniki marar haraji da haɗakar kwastan a Hausa ba, ga shi a Nijar CEDEAO ake cewa, a Nijeriya ECOWAS, har mai sauraron rediyo yana iya zaton ƙungiyoyi biyu ne. Takardar bayani da za a kai Sifawa ko Shagari tana buƙatar boko da ajami, da kuma muryar da za a saurara a rediyo da waya, cikin karin harshen Sakkwatanci da masu zaɓen suke magana da shi.