Itacen Turare da Gobarar Daji: Darasi Daga Tuddan Okland

Duk wanda ya taɓa murza ganyen itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti, ya san ƙamshin da yake bari a hannu. Wannan ƙamshi na wani mai ne da ke cikin ganyen, kuma shi ne mafarin bayaninmu, domin man da ke ƙamshi shi ne kuma ke cin wuta.

Asalin itacen turare ƙasar Ostareliya ce, inda ake da ire-irensa fiye da 700. A can gobarar daji tsohuwar abokiyar zamansa ce. Idan wuta ta cinye ganyensa, akwai idanun toho da ke ɓoye a ƙarƙashin ɓawonsa, waɗanda kan fito da sabon ganye cikin 'yan makonni. Zafin wutar kuma yakan sa kwanson 'ya'yansa ya buɗe, irin ya zuba a kan toka, inda sauran tsirrai suka riga suka mutu. Wato wutar da ke hallaka maƙwabtansa, shi fili take share masa.

To, me ke faruwa idan aka kai irin wannan itace wata ƙasa mai dogon rani? Jihar Kalifoniya ta Amurka ta ba mu amsa. An fara shigar da shi can wajen shekarun 1850, sannan a farkon ƙarni na 20 'yan kasuwa suka dasa shi da yawan gaske a tuddan da ke bayan birnin Okland, da nufin samun katako. Sai aka tarar katakon ƙananan itatuwan yana murɗewa yana tsagewa idan ya bushe. Ciniki ya mutu, aka bar itatuwan babu mai kula da su.

Abubuwa uku ne suka sa wannan sakaci ya zama haɗari. Na farko, itacen yana zubar da ganye da ɓawo da ƙananan rassa kowace shekara, kuma saboda man da ke cikinsu ba sa ruɓewa da wuri, sai su yi ta taruwa a gindinsa. Na biyu, ɓawonsa yakan saɓule ya yi ta reto a jikin kututture, ya zama tamkar tsani da wuta ke hawa daga ƙasa zuwa ƙololuwa. Na uku, iska takan ɗauki ɓawon da ke ci, ta yi gaba da shi, ta jefa shi nesa, ya tayar da sabuwar wuta a bayan masu kashe gobara.

A watan Disamba na 1990 wani matsanancin sanyi ya ƙone ganyayen waɗannan itatuwa, busassun abubuwa suka ƙaru a ƙasa, ga kuma fari na shekaru a jere. Ranar 19 ga Oktoba, 1991 wata 'yar wuta ta kama ciyawa, aka ɗauka an kashe ta. Washegari busasshiyar iska mai zafi ta taso daga gabas, ta farfaɗo da ita. Kafin a shawo kanta, mutum 25 sun rasu, gidaje kimanin 3,000 sun ƙone.

Sai dai ya kamata mai karatu ya yi wa itacen adalci. Shi dai bai kunna wutar ba, kuma bai ci shi kaɗai ba. Ciyawa da sauran itatuwa da rufin gidaje na katako duk sun taimaka. Abin da yake yi shi ne tara makamashi, ya ƙara wa wuta ƙarfi da nisan tsalle. An sake ganin haka a ƙasar Fotugal, inda ake noma shi domin yin takarda. A watan Yuni na 2017 gobara ta ratsa dazuzzukan turare da na wasu itatuwa a tsakiyar ƙasar, ta kashe mutum 66, da yawansu a cikin motoci suna ƙoƙarin tserewa.

Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma a arewacin Nijeriya an dasa wani nau'in turare a layukan itatuwan da aka yi don tare iska da kwararowar hamada, da kuma harabar makarantu da dama. Amfaninsa a fili yake, don haka sare shi ba shi ne magani ba. Abin da ya kamata shi ne a riƙa share gindinsa kafin hunturu ya kama, a sassabe rassan ƙasa, a bar tazara tsakaninsa da gine-gine, a kuma nome ciyawar da ke kewaye da shi. Ɗalibai na iya gwada wani abu mai sauƙi: su auna nauyin busasshen ganyen da ke cikin murabba'in mita ɗaya a gindin turare, su kwatanta da na gindin darbejiya, su kawo wa malaminsu sakamakon.