Tsagar da Aka Gani a Ginshiƙin Rana Plaza

Ranar Talata, 23 ga Afrilu, 2013, masu ɗinki a wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza, a garin Savar da ke wajen birnin Dhaka na ƙasar Bangaladash, suka lura ginshiƙan ginin sun dare. Aka kira injiniya, ya duba ya ce kowa ya fita. Banki da kantunan da ke ƙasa suka garƙame ƙofofinsu. Su kuwa ma'aikatan masana'antun tufafi biyar da ke sama, washegari aka ce su koma bakin keke, wanda ya ƙi ya ɗauka ya yafe albashinsa.

Suka koma. Wajen ƙarfe tara na safe aka ɗauke wuta, aka tada manyan janaretocin da aka girke a saman benen. Ginin ya girgiza, kafin ka ce kwabo ya rufta. Mutum 1,134 suka rasu, kimanin 2,500 suka jikkata, yawancinsu mata. Wata matashiya mai suna Reshma sai bayan kwana 17 aka zaƙulo ta da rai daga cikin ɓaraguzai.

Da aka bi diddigi, sai aka tarar ba rashin doka ne ya kashe su ba. Bangaladash tana da dokar ƙwadago tun 2006, tana kuma da ƙa'idojin gini. Amma an kafa Rana Plaza a kan kududdufin da aka cike, an ƙara hawa na sama ba da izini ba, sannan ginin da aka zana don kantuna da ofisoshi aka loda masa injuna masu nauyi. Sufetocin gwamnati 'yan ƙalilan ne a gaban dubban masana'antu, masu masana'antun kuma suna da dogon hannu a siyasa.

Kamfanonin Turai da Amurka da ke sayen kayan su ma suna da tasu dabarar: su biya wani kamfani ya leƙa masana'anta, ya cike takarda, ya ba da shaidar cewa komai lafiya. An riga an ga iyakar wannan. A Satumbar 2012 gobara ta kashe sama da mutum 250 a masana'antar Ali Enterprises da ke Karachi ta Pakistan, makonni kaɗan bayan an ba ta irin wannan shaida. Wata biyu bayan haka, gobarar masana'antar Tazreen a kusa da Dhaka ta ci aƙalla mutum 112, wasu sun mutu ne wajen dirowa ta taga.

Abin da ya sauya salo shi ne yarjejeniyar da aka rattaba wa hannu a ranar 15 ga Mayu, 2013, tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago na duniya, IndustriALL da UNI, da takwarorinsu na Bangaladash, da kamfanoni irin su H&M, Primark da Inditex mai shagunan Zara. Daga baya masu sa hannu suka haura 200, ta kuma shafi masana'antu sama da 1,600.

Ƙarfinta a abu huɗu yake. Injiniyoyin da ke duba gini da wayoyin lantarki da hanyar tsira daga gobara ba yaran mai masana'anta ba ne. Rahoton kowace masana'anta ana wallafa shi a intanet, da Turanci da Bangalanci. Ma'aikaci yana da ikon ƙin shiga wurin da yake ganin haɗari ba tare da an taɓa albashinsa ba. Kamfanin da ke sayen kaya kuma dole ya tabbatar akwai kuɗin gyara, in ya saɓa a gurfanar da shi. An kuwa gwada: a farkon 2018 wani babban kamfani ya amince ya biya dala miliyan 2.3 bayan ƙungiyoyin ƙwadago sun kai ƙararsa kotun sasanci da ke birnin Hague.

Aikin ba na ado ba ne. An ciccire ƙofofin ƙarfe masu kwaɗo daga bakin matattakala, an sa ƙofofin da ke tare wuta, an sauke kaya daga benayen da nauyi ya fi ƙarfinsu. Masana'antar da ta yi taurin kai aka yanke ciniki da ita. Cikin 'yan shekaru an gyara sama da kashi 90 cikin ɗari na haɗurran da aka fara ganowa. Gwamnati ma ta motsa bayan Amurka ta dakatar da rangwamen harajin da take yi wa wasu kayan ƙasar: ta yi wa dokar ƙwadago kwaskwarima a 2013, ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga taka 3,000 zuwa 5,300, ta kuma faɗaɗa hukumar duba masana'antu a 2014.

Sai dai inuwar ba ta rufe kowa ba. Yarjejeniyar ta tsaya ne a kan masu ɗinka wa kasuwannin waje, inda kamfani ke tsoron zubewar suna. A Yulin 2021 gobara ta kashe sama da mutum 50 a masana'antar kayan sha da alewa ta Hashem Foods da ke Rupganj, cikinsu har da yara, aka kuma tarar da ƙofar fita a kulle. Masu fasa tsofaffin jiragen ruwa a gaɓar Sitakunda da leburorin gini su ma babu wani mai saye a Landan ko Faris da ke sa musu ido. Haka lamarin yake a galibin ƙasashe masu tasowa, inda mafi yawan masu neman abinci ke aiki ba rajista, ba kuma sufeton da ya san inda suke.

A 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan uku ke mutuwa duk shekara sanadin aiki, ta sanya lafiyar wurin aiki cikin muhimman haƙƙoƙin ma'aikaci. A 2023 aka kai irin yarjejeniyar Bangaladash zuwa Pakistan. Asusun diyya na dala miliyan 30 da aka kafa wa mutanen Rana Plaza sai a 2015 ya cika. Mai ginin, Sohel Rana, da aka cafke kusa da iyakar Indiya kwana huɗu bayan ruftawar, shekara goma suka cika yana tsare ba a yanke hukunci a shari'ar kisan da ake yi masa ba.