Sunkuyawar inji a jirgin sama ƙirar gida

Sunkuyawar inji ita ce sauka ƙasa da gaban injin ƙaramin jirgin sama yake yi a hankali, saboda robobin da suke riƙe da shi sun matse a ƙarƙashin nauyinsa. Matsalar tana samun kowane jirgi mai farfela ɗaya a gaba, amma an fi tattauna ta a tsakanin masu harhaɗa jirgi da hannunsu a gida, domin su ne suke zaɓen robobin, su ɗaura su, kuma su yanka murfin inji daidai da inda injin ya zauna. Irin waɗannan jirage sun fi yawa a Amurka, inda hukumar FAA take yi musu rajista a rukunin jiragen gwaji, bisa sharaɗin cewa masu sha'awa ne suka yi fiye da rabin aikin. Waɗanda suka fi yaɗuwa su ne jiragen RV na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon, waɗanda sama da 10,000 daga cikinsu sun riga sun tashi. Daga samfurin RV-6A na wannan kamfani aka samo Air Beetle, jirgin koyon tuƙi da aka harhaɗa a Kaduna domin rundunar sojin saman Najeriya.

Yadda inji yake zaune

Ba a ɗaure inji kai tsaye a jikin jirgi. Akwai wani firam na bututun ƙarfe da aka yi wa walda, galibi da ƙarfe mai lamba 4130, wanda ake kafawa a katangar da ta raba inji da matuƙi. A mafi yawan injinan Lycoming masu silinda huɗu, injin yana rataye ne a wannan firam ta baya, a wurare huɗu: biyu a sama, biyu a ƙasa. A kowane wuri akwai roba biyu masu kauri, ɗaya a gaban zoben firam, ɗaya a bayansa, sai ɗan bututun ƙarfe a tsakiya da ƙusa mai zare da ta ratsa su duka. Aikinsu ɗaya ne da abin da makanikan mota suke kira injin sit, wato su shanye jijjiga kafin ta isa jikin jirgi.

Injin O-360 mai ƙarfin doki 180 ya haura kilo 120, kuma duk nauyin yana gaban inda aka riƙe shi. Farfela ce a can ƙarshe. Ta katako ba ta wuce 'yan kilo kaɗan, amma ta ƙarfe mai canza karkatar fikafikanta tana kai wa kimanin kilo 25. Saboda haka injin kullum yana jan mariƙan sama zuwa gaba, yana danna na ƙasa zuwa baya. Robar da take shan wahala a sama ita ce ta baya, a ƙasa kuwa ita ce ta gaba. Masu ƙera robobin sukan yi ɗaya daga cikin biyun ta fi tauri domin wannan gurbi, kuma juya su baibai yana daga cikin kurakuran da aka fi yi wajen ɗaurin farko. Injin da aka yi wa haka tun yana sabo yake sunkuyawa.

Dalili da alamomi

Roba idan ta daɗe a danne ba ta komawa yadda take. Sabuwar roba takan matse da sauri a farkon aikinta, sannan ta lafa. Zafin salansa, da baƙin mai mai ɗiga, da tsufa, da sauka mai ƙarfi a kan titin jirgi, duk suna ƙara saurin lalacewarta.

Alamar farko ita ce hular farfela ta daina daidaita da bakin murfin inji, ta koma ƙasa da shi. Wannan a kan kansa muni ne kawai ga ido. Abin damuwa yana ciki: salansa takan fara taɓa murfin ƙasa ta ƙona shi, fulin altaneto ya riƙa goga, akwatin iskar kabreta ya tsage, wayoyin totur da bututun mai su miƙe fiye da kima. Robar da take tare iskar sanyaya silinda ma takan bar giɓi a sama, zafin inji ya ƙaru. Layin da farfela take jan jirgi shi ma yana ɗan karkata ƙasa.

Gyara

Kafin a gyara sai an tantance abin da ya jawo. Idan robobin sababbi ne, ba tsagewa, ba kumburi, kuma ba su rabu da ƙarfen da aka manna su ba, to zama kawai suka yi, kuma ana iya ɗaga injin da washa. Ana rataye shi da ƙugiya domin a ɗauke nauyin, a zare ƙusoshin ƙasa, a saka faffaɗar washa tsakanin jikin inji da robar, a mayar. Washa siririya tana yin aiki mai yawa, domin nisan hular farfela daga mariƙan ya ninka tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa. A misali, idan tazarar santimita 30 ce, nisan kuma santimita 75, washa mai kaurin milimita 1.6 za ta ɗaga hular da kimanin milimita 4. Dole kaurin hagu da dama ya zama ɗaya. Yawancin firam ɗin an ƙera su ne da ɗan karkata zuwa dama da gangan, domin rage jan da farfela take yi wa jirgi zuwa hagu, kuma washa a gefe guda za ta ɓata wannan lissafi.

Ƙarin washa yana cinye tsawon ƙusa. Idan zare bai leƙo bayan noti ba, ko ramin fil ɗin makulli bai fito ba, sai an sa ƙusa mafi tsawo. Ƙusar da aka saba amfani da ita a nan ita ce AN7, mai kaurin inci 7/16, kuma jadawalin FAA ya ba ta ɗauri tsakanin inci-fam 450 zuwa 500, sai dai in mai ƙera robar ya faɗi wani abu dabam. Ƙara matse noti ba ya maganin sunkuyawa ko kaɗan, tunda noti yana tsayawa ne a kan bututun tsakiya, ba a kan robar ba.

Idan kuwa robobin sun tsufa, washa ɓoye cuta kawai take yi, canza su ne magani. Ana canza duka huɗun tare. Da yawa sukan haɗa wannan da babban gyaran inji, wanda Lycoming ta sa wa awa 2,000 ko shekara 12 ga injinan O-320 da O-360 na yau da kullum. Mafi haɗari shi ne a ce firam ɗin ne ya tsage ko ya lanƙwashe. A jiragen RV da dama ƙafafun sauka, ko ƙafar gaba, a jikin wannan firam suke, don haka duk bugun sauka a nan yake ƙarewa. Sunkuyawar da ta bayyana farat ɗaya tana bukatar a duba kowace walda da fitila da madubi kafin jirgin ya sake tashi.

Masu gogewa sukan tari abin tun wajen gini. Wasu suna barin injin a rataye na tsawon watanni kafin su yanka murfi, wasu kuma suna sa murfin ya zauna ƙasa da hular da kamar milimita 3, domin idan roba ta zauna su haɗu daidai.

Zaɓen mazaunin inji

Jikin injin ne yake fara yanke hukunci, domin kunnuwansa na baya an zuba su ne da siffa ɗaya tak. Tsohon tsari, da ake kira konikal, ƙusoshinsa huɗu a miƙe suke, robobinsa ƙanana ne masu araha, amma jijjiga ta fi ratsa su. Tsarin Dynafocal na kamfanin Lord, wanda aka kafa a garin Erie na jihar Pennsylvania, yana karkatar da ƙusoshin ta yadda da za a ja layinsu za su haɗu kusa da cibiyar nauyin inji da farfela. Hakan yana sa injin ya yi kamar an riƙe shi ta tsakiya. Nau'i na 1 yana da kusurwar digiri 30, nau'i na 2 kuma digiri 18, kuma ba sa shiga gurbin juna. Wanda ya sayi tsohon inji da araha ba tare da duba wannan ba yakan ƙare da sayen sabon firam. Manyan injinan Continental masu silinda shida galibi zama suke yi a kan firam kamar gado.

Bayan siffa sai taurin roba. Lord da Barry su ne sunayen da aka fi sani, kuma kowanne yana da lambobi dabam-dabam gwargwadon inji da farfela. Roba mai laushi tana ba da tafiya mai daɗi, tana kuma kare rediyo da agogunan matuƙi daga jijjiga, amma ta fi barin inji ya motsa ya kuma sunkuya. Mai tauri, irin ta jiragen wasan juyi a sama, tana riƙe inji kam idan nauyinsa ya ninka sau da yawa a lokacin juyi, sai dai matuƙi zai ji bugun injin a tafin ƙafarsa. Ga jirgin da tafiye-tafiye kawai yake yi, sa mai tauri don gudun sunkuyawar milimita kaɗan ciniki ne maras riba. Kowace aka zaɓa, roba ba ta wuce da lantarki, don haka sai an haɗa jikin inji da jikin jirgi da waya mai kauri, in ba haka ba wutar sitata za ta nemi hanya ta wayoyin totur.