Wayar fibir ta bi ta bakin gari, yaushe za ta shigo cikin unguwa?

A ƙananan garuruwa da yawa na jihohin Maraɗi, Tawa da Damagaram, kowa ya san inda rezo yake: gindin wata bishiya, kan wani tudu, ko bakin tasha. Can ake taruwa a saurari saƙon murya na ɗan'uwa da ke Libiya ko Abijan. Kiran bidiyo kuwa sai an yi sa'a, kuma sau da yawa forfe ya ƙare hoto bai buɗe ba.

Abin mamaki shi ne wasu daga cikin garuruwan nan ba su da nisa da babbar wayar intanet. Aikin fibir na ƙetare Sahara, wanda Bankin Raya Afirka (BAD) ya ba da kuɗinsa, ya ƙara wa Nijar sama da kilomita 1,000 na waya. Akwai layin Damagaram zuwa Magarya har iyakar Najeriya, da na Yamai zuwa Dosso da Gaya, da na Arlit zuwa Asamaka, da na Diffa zuwa iyakar Chadi.

Sai dai babbar waya kamar babban bututun ruwa ce: wucewarta ta bakin gari ba ta sa famfo a gidan kowa. Ana buƙatar ƙaramin layi daga bakin hanya zuwa cikin gari, da ƙarfen eriya, da wutar da ba ta yankewa. A nan kamfanoni irin su Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms suke tsayawa su yi lissafi. In haƙa rami da sayen gazuwal na injin wuta sun fi abin da mutanen gari za su biya, sai su fara da manyan birane.

Wannan giɓin ne ma'aikatar magajin gari za ta iya cikewa, ko da ba ta da kuɗi masu yawa. Ita ke da ta cewa kan filayen gari, don haka tana iya ba da wurin kafa eriya ba tare da dogon jeka-ka-dawo ba. In za a gyara titi ko a gina magudanar ruwa, tana iya sa a binne bututun roba tun lokacin, domin haƙa na daga cikin abin da ya fi cin kuɗi a aikin fibir. Tana kuma iya haɗa ofishin takardun haihuwa, asibitin CSI, makarantar CEG da kasuwa a yarjejeniya guda. Kamfanin da ya ga masu biya na dindindin duk wata ya fi saurin zuwa.

Batun wuta ma na da nauyi. A watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, an ga yadda komai ke dogara da lantarki. Eriya mai aiki da hasken rana tana buƙatar mai gadi da mai goge ƙura, kuma wannan aiki ne da matasan gari za su iya yi.

Akwai tsarin da za a jingina da shi. A shekarar 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin ƙauyuka na zamani, wanda hukumar ANSI ke jagoranta, domin kai sadarwa karkara. A 2025 kuma Starlink ya fara aiki a ƙasar. Na'urarsa ta fi ƙarfin aljihun talaka shi kaɗai, amma tana iya zama mafita ga makaranta ko asibitin da ke nesa da fibir.

Cikas ɗin da ke akwai shi ne, tun watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke riƙe da su. Yarjejeniyar da za ta ɗauki shekaru tana buƙatar a rubuta ta, a liƙa ta a fili: wa ke da filin, wa zai gyara in waya ta tsinke, nawa za a biya. In ba haka ba, sauyin shugaba ɗaya zai iya tsayar da aikin.

Ƴan ci-rani ma suna da ƙafa a ciki. Ƙungiyoyinsu sun saba tara kuɗi don rijiya, masallaci ko aji. Sayen farantan hasken rana da biyan intanet na shekara ga makarantar garinsu bai fi ƙarfinsu ba, matuƙar an san wanda zai riƙe amanar kayan.

Ga manomin albasa a Galmi mai son jin farashin Abijan kafin ya loda mota, ko ɗalibar Dakoro mai cike takardun jami'a, jinkirin rezo asara ce ta kuɗi da lokaci. Tambayar da ya kamata matasa su kai wa kantoman garinsu mai sauƙi ce: ina wayar ta tsaya, kuma me ya rage ta shigo?