Wasan Ɗawula a Salula: Shin Na'ura Tana Maguɗi?

Jama'a, wasan nan da Turawa ke kira backgammon, Larabawan Masar ke ce masa ɗawula, littattafan fiƙihu kuma suka san shi da nardi, ya shiga intanet tun 1992, ga shi yau har cikin salular yaranmu. Ƙorafin da muke yawan ji shi ne wai na'ura tana maguɗi wajen jifa. To, bari mu ɗora maganar kan sikeli.

Allon wasan yana da gidaje 24, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 15, ana kuma jefa 'yan lido biyu. Abin da suka nuna shi ne takun da za ka yi. In lamba ɗaya ta fito a duka biyun, sai ka taka ta sau huɗu. Ɗan da ya zauna shi kaɗai ana iya bugunsa ya koma farko, amma biyu sun tare gida ke nan. Wanda ya riga kwashe 'ya'yansa ya ci maki 1. In abokin karawa bai fitar da ko ɗaya ba, maki 2 ne. In har yana da ɗa a gidajenka na ƙarshe ko a kan sandar tsakiya, maki 3.

Akwai kuma ɗan ninki, wanda aka ƙaro a birnin New York na Amurka cikin shekarun 1920, mai lambobi 2, 4, 8, 16, 32, 64. Wanda ya ga yana gaba sai ya ce a ninka. Ka ƙi, ka sallama wasan da makin da ake kai. Ka karɓa, a ci gaba, kai ne kuma mai ikon sake ninkawa. Gwanaye sun ce in kana da damar ci ɗaya cikin huɗu, ka karɓa. A gasar da aka yanka wa adadin maki, dokar Crawford ta hana ninki a wasa guda da zarar wani ya rage masa maki 1.

Sai batun maguɗi. 'Yan lido biyu suna iya faɗuwa iri 36. Shida da shida na fitowa sau 1 cikin 36, amma lamba biyu iri ɗaya sau 1 ne cikin 6. Ɗan da ka bari taku shida gaban ɗan abokin karawa, in hanya a buɗe take, jifa 17 cikin 36 na iya bugunsa, kusan rabi. Ashe in an buge shi ba sihiri ba ne. Sai dai ɗan Adam yana riƙe jifan da ya ƙona shi, ya manta wanda ya cece shi.

Ita kuwa kwamfuta ta ƙware tun da Gerald Tesauro na kamfanin IBM ya fito da TD-Gammon a 1992. Tana jera 'ya'yanta yadda yawancin jifa zai yi mata daɗi, sai mai kallo ya ce sa'a ce. Manhajar GNU Backgammon ma tana barin mutum ya jefa nasa 'yan lidon da hannu ya shigar da lambobin. Mai shakka ya rubuta jifa 360 a takarda: masu lamba iri ɗaya za su tashi wajen 60, da ɗan ƙari ko ragi.

Amma fa kada a saki jiki. A intanet jifan yana faruwa ne a na'urar kamfani, inda idonka bai kai ba, kuma abokin karawa na iya ɓoye wata salular tana gaya masa taku. Ko da komai ya tafi daidai, gidan da ake wasan kuɗi yana cire la'adarsa, ko wa ya ci. Yaron da ya fara da jaka ɗaya ta sefa, ninki ya kai 8, aka yi masa ci mai maki 2, jaka 16 ta tafi a zama guda. Wannan sunansa caca, hukuncinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Saboda haka duk wanda ke ba yaro ajiyar kuɗin ciniki a salula, ya riƙa bin lissafi kafin a kwana. Allah ya tsare mana dukiya da zuri'a, amin.