Kada Mu Bar Mai Raunin Fahimta Shi Kaɗai a Caji Ofis

'Yan'uwa, tun da 'yan bindigar dajin Rugu suka addabi Batsari da Safana, zargin zama infoma ya yi yawa. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai raunin fahimta. Kome aka tambaye shi yakan ce "e" don a ƙyale shi, ya dangwala yatsa a takardar da bai gane ba.

An taɓa yin haka a Ingila a 1972. Wani saurayi mai hankalin yara ya amsa laifin kisan da bai yi ba, sai a 1975 kotu ta soke hukuncin.

A ƙasarmu, sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka kama ikon yin shiru har ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta yarda a ɗauki jawabinsa a gaban wannan mutum.

Don haka in an kama irin wannan ɗan'uwa, mu bi shi nan take, mu shaida wa DPO halinsa, mu roƙa a karanta masa jawabin da Hausa kafin ya dangwala.